Rawa Ma Tana Da Mai Ita

Ka tsayar da kowane Bahaushe a hanya ka ce ya lissafo maka mawaƙa biyar, kafin ka rufe baki ya gama: Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan Maraya Jos, Barmani Coge. In matashi ne ya ƙara maka da Ala da Nura M. Inuwa. To ka ce ya kawo maka sunan mutum ɗaya da ya zauna ya tsara wata rawa, wanda ya ce a taka nan, a juya can, a durƙusa bayan tafi na huɗu. Nan za ka ga ya fara sosa ƙeya. Harshen ma bai tanadar wa wannan mutum suna ba. Muna da makaɗi da mawaƙi da maroƙi da sanƙira da zabiya da 'yan amshi, kowa da matsayinsa, kowa da rabonsa in an tashi raba abin da aka samu. Mai tsara rawa kuwa sai dai a kewaya a kira shi da jimla guda.

Alhali kuwa yana nan, kuma mun gan shi da idonmu. Mu da aka haifa a ƙasar Karaye da Rogo wajajen 1990 mun riski ƙarshen dandali. In an yi farin wata, bayan an ci tuwon dare, 'yan mata kan fito su jeru su fara gaɗa, mu yara maza muna gefe muna langa, rabin hankalinmu na wurinsu. Akwai wasan da yarinya za ta fito tsakiya ta taka, sannan ta juya baya ta saki jiki ta faɗa hannun ƙawayenta, su cafe ta su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta. Duk wanda ya taɓa kallon wannan ya san akwai lissafi a ciki. In ta saki jiki kafin tafin da ya kamata, ƙeyarta ce za ta sha ƙasa. A unguwarmu wata yaya ce ke riƙe da wannan lissafi. Ita ke cewa wance ta koma ƙarshen layi don hannunta bai yi ƙwarin tara ba. Ita ke ƙara taku biyu a inda da ake yin ɗaya. In ta je biki wani ƙauye ta ga sabon salo, sai ta dawo ta sassaƙe shi ya dace da waƙar da ake da ita. Shekarar da aka kai ta ɗakin miji, gaɗar unguwar ta yi wata biyu tana tangal-tangal kafin wata ta karɓa. Duk da haka ba wanda ya taɓa kiran abin da take yi aiki.

Haka abin yake a ɓangaren maza. Wanda ya ga gayya a gonakin Rogo ya ga yadda gangar noma ke sa ƙarti ashirin su ɗaga garma lokaci guda su sauke lokaci guda. 'Yan hoto da ke cilla garma sama su cafe ta ba da ka suke yi ba, domin ƙarfe ba ya yafe kuskure. 'Yan tauri suna da yadda suke shiga fili da yadda suke fita, mahauta suna da takunsu in kalangu ya ɗauka. Ko hawan Sallah a Karaye tsararren motsi ne: an san wanda ke gaba, an san wanda ke biye, an san inda mahayi zai saki linzami da inda zai ja ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Wani ne ya tsara, wani ya gyara, wani ya koyar da na baya. Mun haɗa su duka mun sa musu suna ɗaya, gargajiya, kamar daga ƙasa abin ya tsiro irin tafasa.

Rawar koroso ta fi kowacce nuna wannan. Yau in aka ce a nuna rawar Hausawa, a makarantar firamare ne ko a taron gwamnati, koroso ake fitowa da ita. Ko a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla a nan Karaye, inda matasa daga kowane lungu na Najeriya ke yin mako uku, in ranar nuna al'adu ta zo, abin da ake kawowa da sunan Arewa ba ya wuce koroso ko wani abu mai kama da ita. Amma koroso ba ta kai tsufan da ake zato ba. A Kano aka harhaɗa ta a shekarun 1970, zamanin da jihohi ke gasar nuna al'adu, daga raye-rayen Hausawa da na Fulani, aka haɗa da sarewa da kacau-kacau ɗin da ake ɗaurawa a ƙafa, aka ƙara mata alkafura da lanƙwasa jiki don ta cika idon mai kallo daga kan kujera. Daga baya ta samu mazauni a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Wato rawar da ta zama tambarinmu a idon duniya aikin masu tsarawa ce, irin na zamani, wanda aka yi don dandamali. Ka tambayi yaran da ke yin ta ranar bikin raba kyaututtuka wa ya ƙirƙira, za su ce maka ta kakanni ce.

Sai fim ya zo. Muna 'yan shekara tara ko goma Sangaya ya fito, a 1999, kuma mun ga yadda cikin 'yan watanni takun 'yan mata a gidajen biki ya sauya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma fiyano ta sauya kiɗan. Indiyawan da aka kwaikwaya suna girmama mai tsara rawa. Suna rubuta sunansa a farkon fim, suna ba shi kyauta tasa ta daban. Saroj Khan, wadda ta rasu a 2020, ita ta fara karɓar kyautar Filmfare ta tsara rawa a 1989 saboda aikinta a fim ɗin Tezaab, kuma har yau ana koyar da salonta. Mu mun ɗauko rawar mun baro wannan ɗabi'a a can. Jarumin da ya taka shi ake sani, wanda ya wuni a rana yana ƙirga masa taku kuwa ko mai kallo bai san da shi ba.

A 2021 muka fara jin sunan wata mata da ta sa muka sake duban wannan lamari gaba ɗaya. A shekarar ne bikin fasaha na birnin Venice a Italiya ya ba ta kyautar Zakin Zinare saboda aikin da ta yi tsawon rayuwarta a fagen rawa, lokacin ta haura shekara 75. Sunanta Germaine Acogny, 'yar Senegal, ana kiranta uwar rawar zamani ta Afirka.

An haife ta a 1944 a Dahomey, Jamhuriyar Benin ta yau, iyayenta suka koma Dakar tana ƙarama. Kakarta ta wajen uba, Aloopho, Bayarabiya ce mai riƙe da addinin gargajiya, kuma ko da yake Germaine ba ta tashi a hannunta ba, ta sha faɗin cewa daga gare ta ta gaji rawa. A farkon shekarun 1960 ta tafi Faransa ta yi karatun koyar da motsa jiki da rawa. A can aka nuna mata cewa jikinta bai dace da rawar Turawa ta bale ba, wadda ke son miƙaƙƙen baya da tsayuwa a kan yatsun ƙafa. Da ta dawo Dakar ta buɗe ɗakin koyar da rawa nata a 1968, ta fara aikin da zai ɗauke ta shekara hamsin: ta ɗauki raye-rayen da ta gada da waɗanda ta tarar a Senegal, ta warware su gaɓa-gaɓa, ta ga me ke motsa me, ta haɗa da abin da ta koyo a Turai, ta mayar da su darasin da za a iya koya wa kowa daga mataki na farko zuwa na ƙarshe.

Tsarinta ya ginu ne a kan ƙashin baya. Daga nan motsi ke tashi, ya bi ƙirji da kafaɗa da ƙugu, ƙafa kuma tana dafe da ƙasa, ba takalmi. Ta raɗa wa motsin sunaye daga abin da idonta ke gani kullum: akwai kuka, akwai rimi, akwai bado. Da muka karanta wannan sai da muka yi murmushi, domin ba itacen da ya fi waɗannan biyu yawa a tatsuniyoyinmu da karin maganarmu, bado kuwa yana nan fal a tafkunanmu. Amfanin suna shi ne, malami a Dakar zai ce a yi kuka, ɗalibi a Japan ya san abin da zai yi da jikinsa. A 1980 ta fitar da littafi a kan rawar Afirka cikin harsuna uku, Faransanci da Jamusanci da Ingilishi, da hotuna masu nuna kowane motsi.

A 1977, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin FESTAC a Legas aka kuma yi babban hawan daba a Kaduna, Shugaba Senghor na Senegal da fitaccen mai tsara rawa Maurice Béjart suka kafa wata makarantar rawa a Dakar mai suna Mudra Afrique, suka damƙa wa Germaine shugabancinta. Ɗalibai suka zo daga ƙasashen Afirka daban-daban, shahararren makaɗin nan Doudou Ndiaye Rose yana cikin masu koyar da kiɗa. Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980. Ba a jima ba kuɗi suka yanke, kuma shugabancin nata ya ƙare a 1982, makarantar ta rufe. Mu mutanen Karaye da Rogo ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. Mun ga an ɗaga masarautarmu a 2019, an sauke ta a 2024, an kuma maido ta a wani matsayin cikin shekarar. Abin da sa hannu ya bayar, sa hannu na iya karɓewa.

Abin da ta yi bayan wannan shi ya fi burge mu. Ta yi shekaru a Beljiyam da Faransa tana koyarwa, ita da mijinta Bajamushe, Helmut Vogt. A 1995 ta dawo Senegal, suka fara gina makaranta tasu ta kansu a Toubab Dialaw, wani ƙauyen masunta mai nisan kimanin kilomita 50 daga Dakar. Suka fara karɓar ɗalibai a 1998, aka buɗe ginin a 2004. Sunan makarantar École des Sables, wato makarantar rairayi, kuma sunan bai yi ƙarya ba: babban filin atisayen rumfa ce buɗaɗɗiya, daɓenta rairayi, ta sa masa sunan kakarta. Daga nan ɗaruruwan matasan Afirka suka fito da sana'a a hannu. Da aka tashi sake shirya wata shahararriyar rawa ta Bajamushiya Pina Bausch da 'yan Afirka zalla, a wannan makaranta aka tara masu rawa sama da 30 daga ƙasashe 14. Annobar korona ta tsayar da su a 2020, sai suka yi ta a bakin teku aka ɗauka a bidiyo, daga baya suka zagaya duniya da ita.

Cikin ayyukanta akwai ɗaya da ya kamata duk mai ganin rawa ba ta wuce shashanci ba ya san da shi. Sunansa Fagaala, kalmar Wolof mai nufin kisan ƙare dangi. Ta tsara shi tare da wani ɗan Japan, Kota Yamazaki, a kan abin da ya faru a Ruwanda a 1994, bayan ta karanta littafin Murambi na marubucin Senegal Boubacar Boris Diop. Maza ne zalla suka yi shi. Ba soyayya a ciki, ba kwarkwasa. Jiki ne ke nuna tsoro, da gudu, da yadda maƙwabci ke rikiɗewa ya zama makashi. Aikin ya samu kyautar Bessie a New York a 2007. Mu da muke yankin da ke iyaka da Katsina da Kaduna, muna jin labarin garuruwan da aka tasa cikin dare, mun san akwai abin da baki ke kasa faɗa. Ita ta nemo masa wata hanyar fita.

Mun san abin da ke ran mai karatu, domin yana ranmu mu ma. Mu Musulmi ne, a gidajen malamai da almajirai muka tashi, kuma abin da malamai suka faɗa game da cuɗanyar maza da mata da bayyana tsiraici ba mu da ja a kansa. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, rawa ce kan gaba a abin da ake sa wa ido, kuma akwai dalili. Sai dai a duba raye-rayen da muka lissafo a sama. Gaɗa ta 'yan mata ce su kaɗai. Kiɗan ƙwarya da amada na matan aure ne a cikin gida, ba namijin da ke leƙawa. 'Yan hoto da 'yan tauri maza ne. Kowacce tana da lokacinta da wurinta da wanda ya isa ya ce a tsaya nan. Waɗannan su ne suke mutuwa. Wadda ke bunƙasa ita ce wadda ba ta da mai ita, wadda waya ke kawowa daga TikTok, yarinya ta kwaikwaya a ɗaki ba wanda ya koya mata, ba kuma wanda zai ce mata wannan ya wuce gona da iri. Sana'ar da ba ta da sarki ba ta da ladabi. Mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, makaɗa ma suna da nasu. Da muka ƙi amincewa cewa tsara rawa aiki ne mai masu shi, ba mu kashe rawa ba, mun dai kore masu tsawatarwa daga cikinta. Senegal ma ƙasar Musulmi ce, fiye da kashi 90 cikin 100, ƙasar Tijjaniyya da Muridiyya, ƙasar Shehu Ibrahim Inyass da dubban mutanenmu ke zuwa ziyara Kaulaha saboda shi. Ba sai mun kwafi duk abin da suke yi ba, amma ba za mu ce ba su san addini ba.

Wasunmu da suka yi karatun kwamfuta suna cin abinci da rubuta manhaja, kuma a wannan sana'a akwai wata ɗabi'a da ta sa batun nan ya fi damunmu. Duk layin da mutum ya rubuta, tsarin ajiya irin su Git yana riƙe da sunansa da ranar da ya rubuta da dalilin da ya bayar. Bayan shekara goma wani zai buɗe ya ga wa ya sa wannan, wa ya gyara, me ya sa. Da haka ake gina abu a kan abu ba tare da an koma farko kullum ba. Abin mamaki, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, tun ta 1988, ta jera tsararriyar rawa da manhajar kwamfuta a jeri guda cikin ayyukan da take karewa. A idon doka, yayar nan ta unguwarmu da mu sana'armu ɗaya. Bambancin shi ne doka tana kare abin da aka adana ne a rubuce ko a naɗe, namu yana ajiye, nata kuwa ya tafi da ita gidan miji. Turawa sun daɗe da gane wannan matsala. Tun 1928 Rudolf Laban ya fitar da hanyar rubuta motsin jiki a takarda kamar yadda ake rubuta kiɗa. Germaine ta bi ta hanyar suna da hoto da ɗalibai. Mu kuwa yau kowa na da kyamara a aljihu.

Ba muna kiran a gina makarantar rawa a bakin dam ɗin Challawa ba, ko da yake rairayi ba zai yi mana wuya ba. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi. Matan da suka yi gaɗa a shekarun 1970 da 1980 suna nan da ransu a Karaye da Rogo da Zarewa da Yammedi, sun zama iyaye da kakanni. Jikinsu bai manta ba. Gwaggonmu, wadda gwiwa ke hana ta zuwa unguwa, in jikokinta mata suka matsa mata takan zauna a bakin gado ta nuna musu da hannu da kafaɗa yadda ake yi, ta gyara musu tafi, ta ce ba haka wance ta koya mana ba. Wannan wance ita muke so a rubuta. 'Ya'ya mata su ɗauki na mata, da izininsu, a ajiye a cikin dangi in ba a so ya fita. Samari su nemi tsofaffin 'yan hoto da makaɗan noma in an gama aikin kaka, lokacin da jiki ya huta kuma aljihu ya ɗan yi nauyi. A kowane ɗauka a faɗi abu huɗu kafin a fara: sunan rawar, garin, wanda ya koyar da ita, da wanda aka ji ya ƙara mata wani abu. Malaman firamare da ke koya wa yara koroso su riƙa faɗin sunansu a ranar taro kamar yadda ake faɗin sunan wanda ya horar da 'yan muhawara. Masu shirya fim da bidiyon waƙa su ba mai tsara rawa layinsa a jerin sunaye, da kuɗinsa a kasafi.

Germaine Acogny ta fara da ɗaki ɗaya a Dakar tana da shekara 24, kuma abin da ta fara yi shi ne ta tambayi jikinta me ya sani, ta raɗa masa suna. Tsofaffinmu sun riga sun san nasu. Saura mai zama kusa da su da waya a hannu, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya ce: Gwaggo, don Allah a sake nuna mana, a hankali, kuma wa ya koya miki?